Adashen Shafi Huɗu

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan tukuna. Jikata Nafisa ta ce mani ku shida kun ɗaura aniyar kowa zai rubuta littafin labari cikin wata guda, kuna tura wa juna ta waya, kuma wai gardama ta kaure tsakaninku. Wasu sun ce haka ake zama marubuci, wasu sun ce ɓata lokaci ne. Shi ne kuka kwaso jiki kuka zo wurin tsohuwa ta raba ku. To ni dai ban taɓa rubuta littafi ba, kada ku ɗora mani rawanin da ba nawa ba. Mai daktilo ce ni, keken rubutu, rubutun mutane nake bugawa. Amma wanga abu da kuke gani sabo, an yi shi a shagona nan unguwar Zariya ta Maraɗi tun uwayenku suna lakwal, ƴan makaranta.

Na koyi aikin wurin Mushe Illa, wato Malam Illa da bakin Faransawa, Allah ya jiƙansa, wani siririn dattijo da ya yi sakatare tun zamanin Nasara. Ranar farko bai bar ni na buga ko harafi ɗaya ba. Tsumma ya miƙo mani da tsohon buroshin haƙori, ya ce in wanke haruffan daktilo ɗaya bayan ɗaya, domin tawadar ruba, zirin ƙyallen da haruffan ke buga, tana cushewa a cikinsu, su riƙa fitowa a takarda kamar an murtsuke ƙuda. Sati biyu ina wanki. Da ya yarda na fara bugawa, sai ya rufe mani hannuwa da ƙyalle. In na leƙa yatsuna, rula ce za ta sauka a bayan hannuna.

"Hasiya," in ji shi, "idonki na kan rubutun mai shi. Yatsu su nemi hanyarsu, ai ba makafi ba ne."

Ku yanzu in kun yi kure sai ku danna ku goge, ko a jikinku. Mu takarda uku muke jerawa da karbon a tsakani, kure ɗaya ya zama kure uku. Istansil kuwa ya fi haka mugunta. Cire ruba ake yi, harafin ƙarfe ya huda takardar kakin kai tsaye, in ka ɓata sai ka shafa wani jan ruwa mai warin tsiya, ka hura, ka jira ya bushe. Daga nan a ɗaura shi a roneyo, injin fitar da kwafi, a zuba tawada, a yi ta juya hannu har kafaɗa ta ƙage. Na'urar daktilon kuma ta Faransawa ce, ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai na gama in bi su da allura ina yi masu ƙugiya. Duk wannan Mushe Illa ya koya mani bai karɓi komai ba sai goro, kuma har gobe ina sa shi a addu'a. Babbar dokarsa ɗaya ce: mai daktilo ba ya karatu. Magana ta shiga ta ido ta fita ta yatsa, kada ta biya ta zuciya, domin asirin mutane ne ke ratsa hannunka.

Dokar nan ta yi mani rana lokacin da siyasa ta buɗe. Ina aiki a wani biro, wato ofishi, na gwamnati, albashi ya fara zuwa yau ya ƙi zuwa gobe, sai na ɗauki daktilona na kama shago. Kowa a garin nan ya zama mai magana. Da safe ƴan wannan parti su kawo takarda suna zagin waɗancan, da la'asar waɗancan su kawo tasu ta ramuwa, ni kuwa karbon ɗaya nake sa masu duka. Da karbon yana da baki, da tuni an ƙone mani shago. Ƙungiyar mahauta, ƙungiyar ƴan tasha, matan da ke son a ji kukansu, kowa sai ya ga sunansa a buge kafin ya yarda ya zama mutum. Alhamdu lillahi, na ci abinci a zamanin nan.

Sai ga muguwar shekara, wadda aka karya darajar kuɗinmu sefa. Duk abin da ke ƙetaro teku ya yi fiffike. Istansil ya gagara, ruba ta gagara, har na koma ina warware tsohuwa ina ɗiga mata kananzir don ta ɗan farfaɗo. Zaɓe ya wuce, ƴan siyasa sun samu abin da suke nema sun daina zuwa, sun bar mani tarin takardunsu da ba a karɓa ba. Malaman lakwal kuma suna yajin aiki, wata da watanni ba albashi, azuzuwa a kulle, awaki na kwana a ciki. Rumfar shagona ta zama mazauninsu. Su kawo ɗan shayinsu, su yi ta gyara ƙasa da baki tun hantsi har rana ta karkata.

Babbansu Mushe Garba ne, daraktan wata lakwal a Tsibiri, wanda kullum yake zuwa a kan wani keke mai kukan tsiya. Wata rana ya gaji da surutun ya ce:

"Jama'a, zaman nan zai ruɓar da mu. Kowa a nan ya taɓa ce mani yana da littafi a ciki. To ga lokaci Allah ya ba mu, ko ba mu roƙa ba. Mu yi adashe."

Aka yi dariya, wani ya ce adashen mi, na ƙwarƙwata?

"Adashen rubutu," in ji shi. "Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani, kowa ya zuba shafi huɗu na kaye, littafin rubutun ƴan lakwal, kullum kafin la'asar. Madam Hasiya ce uwar adashe. Abin da aka zuba ya shiga akwatinta, ba mai sake ganinsa sai wata ya ƙare. Kun taɓa ganin macen da ta zuba adashe da safe ta dawo da yamma ta ce a ba ta ta gyara?"

Na yarda, don yatsuna sun fara sandarewa da zaman banza. Na ce zan riƙa buga zubin kowa a bayan takardun ƴan siyasar nan, tunda bayansu fari ne tas ko da gabansu bai da kyau. Ba a yi maganar lada ba. Mushe Garba dai yakan ɗauro mani ɗan gero a bayan keke, wani ya kawo albasa, haka muka rufa wa juna asiri.

Su shida suka fara, kamar ku. Amma wanda nake son ku ji labarinsa Mushe Habu ne, malamin ƙananan aji daga Jiratawa, mutum mai sanyin magana, kullum bik na rubutu a bayan kunne. Shekara bakwai yana rubuta littafi ɗaya, bai taɓa wuce babi na biyu ba. Ya rubuta, ya karanta, ya yage, ya koma farko. Wansa ya riga ya samo mashi babur ya yi kabu-kabu ya ciyar da gida, shi kuma ya faɗa a gaban kowa cewa wannan ne gwajin ƙarshe. In wata ya ƙare babu littafi, zai tara kayensa duka ya cinna masu ashana, kada wanda ya ƙara kiransa marubuci ko da wasa.

Tun kwana na biyu ya fara damuna. Ya zuba shafinsa, ya kai bakin ƙofa, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Madam, layi ɗaya ne kawai a zubin jiya. Ki ba ni in gyara a gabanki."

"Mushe Habu, makulli na ƙuguna, kuma ƙugun nan ba ya jin roƙo. Tahi ka rubuto na gobe."

Haka muka yi ta yi. Cikin sati ɗaya mutum guda ya gudu, ya ce basir ya tashi. Wani kuma na lura fim ɗin Indiya yake kwashewa yana canza sunaye. Na wani babu komai ciki sai zagin gwamnati, mutanen labarin ko ruwa ba sa sha sai jawabi. Duk na buga ban ce uffan ba, ba ruwana. Amma na Mushe Habu ya karya mani doka. Labarin wani mai ginar rijiya ne, Nomau, da ɗansa ƙarami da ke riƙe mashi igiya. Yadda yake ɗanɗana ƙasa da harshe ya san ko ruwa na kusa, yadda yake auna zurfi da gaba, yadda yake waƙa a ƙasan rami don na sama su san yana lafiya. Na tsinci kaina ina karanta shafin tun kafin in sa takarda a daktilo. Na ce Mushe Illa ka yafe mani, wannan ta biya ta zuciya.

Ranar sha tara ga wata, Nomau ya shiga yashe wata tsohuwar rijiya a bakin gulbi. Yana ƙasa, gefe ya zabtaro. Shafi na huɗu ya ƙare rairayi ya kai mashi ƙirji, waƙa ta tsaya, yana kiran ɗansa ya sako igiya. Nan zubin ya tsaya. Washegari tun azahar nake leƙen hanya, har la'asar ta wuce babu Mushe Habu. Kwana biyu sai ga shi hannu rabbana, ido ya faɗa.

"Madam, ba ni takarduna. Na fita daga adashen."

"Wanda ya fita ma sai wata ya ƙare yake kwasa. Ka san doka."

"Rubutuna ne ko naki?"

"Naka ne, amma amana ce a hannuna. In na ba ka yau, ashana za ka ba su, na gani a idonka."

Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ya ce mani ni ba kowa ba ce sai mai ƙwanƙwasa ƙarfe, mi na sani game da rubutu. Mushe Garba ya taso zai sa baki, sai Mushe Habu ya kaɗa rigarsa ya tafi. Maganar ta yi mani zafi, ba zan ɓoye maku ba. Amma abin da ya fi ci mani rai shi ne bawan Allah nan da aka bari cikin rami. Ina tuƙa tuwo ina tunaninsa. Na ce wannan ai lalaci ne irin na masu yage takarda, ya kai wurin wuya ya zame.

Ranar Lahadi na rufe shago na hau mota sai Jiratawa. Ina tambaya aka nuna mani gidan, can bayan gonakin zogale. Na yi sallama na shiga. Wata tsohuwa na zaune a tabarma tana tsinke zogale a faifai, mahaifiyarsa ke nan, shi kuma yana gefe a kan turmi ya haɗa kai da gwiwa. Na gaida tsohuwa sama-sama, don cikina ya cika, na juya kansa.

"Mushe Habu, ka ji tsoron Allah. Ka jefa mutum cikin rijiya yau kwana biyar, rairayi har ƙirji, kai kana nan kana shan inuwa? Ko ka fito da shi, ko ka gaya mani abin da ya hana."

Bai ɗago ba. Tsohuwa ce ta tsayar da hannunta.

"Ɗiyata, wace rijiya?"

Ni da bakina da ba ya gajiya, sai na zauna na kwashe labarin duka na ba ta, har da ɗanɗana ƙasa, har da waƙar da yake yi a ƙasan rami. Ina cikin faɗin waƙar na ga ta ture faifan gefe.

"Ai bai fito ba," in ji ta. "Mai ginar rijiyar nan uban su Habu ne. Habu ne ke riƙe da igiyar, shekararsa tara. Kwana uku mutanen gari suna tono, suna kwashewa tana ƙara zubowa, har ta nemi cin wasu mutum biyu. Sai manya suka ce a haƙura. Aka cike ramin, liman ya yi salla a kansa. Ko ƙyallen rigarsa ba mu gani ba."

Ƴaƴana, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Rashin sani ya fi dare duhu. Na zo har gida na tsaya a kan maraya ina yi mashi tsawa ya fito da ubansa. Na kwance makullin daga ƙuguna, na ajiye a gabansa. Na ce ya yafe mani, ya je ya buɗe akwatin ya ɗauki abinsa, doka ta bi ruwa.

Tsohuwa ta dubi ɗanta ta daɗe.

"Ashe abin da kake ta ɓoyewa a kaye ke nan, kana yagewa ina hura wuta da shi? Shekara nawa ba wanda ya ambace shi a gidan nan, sai ga baƙuwa ta taso tun daga Maraɗi tana faɗa saboda shi. Har waƙarsa ta sani." Ta jawo faifanta. "Mayar mata da makullinta. Ka ƙarasa."

Ya ɗauki makullin ya miƙo mani da hannu biyu. Ban bar gidan ba sai da tsohuwa ta cika mani ƙwarya da zogale, ina ta jin kunya ina godiya.

Ranar Litinin kafin azahar ya iso da shafi goma sha ɗaya. Na buɗe akwati ya zuba. Amma ban sami abin da nake jira ba, don ya bar bakin rijiyar ya koma ba da labarin gida da mutanen gari da masu tono. Wata ya tsaya bai gama ba. Masu son ganin ƙarshensa suka ce doka doka ce, Mushe Garba ya ce shi bai taɓa ganin adashen da ya tashi wani bai kwasa ba, a ƙara mashi kwana uku.

To ga amsar tambayarku, gwargwadon abin da na gani da idona. Cikin shida, biyu suka kai ƙarshe, Mushe Garba da Mushe Habu. Kuma abin da ya fito daga akwatin nan ba littafi ba ne tukuna, damin gero ne, da sauran sussuka da sheƙa da daka. A na Mushe Garba akwai matar da ta mutu ranar tara ga wata, ranar ashirin ga ta tana rabon goro a wurin suna. Ya so in sa a istansil a ranar, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan huda takardar kaki a kan ɗanyen aiki ba. Mushe Habu ya hau babur ɗin wansa, don littafi ba ya cika tukunya, amma kaye na cikin aljihunsa, yana gyara tsakanin fasinja da fasinja. Damina biyu ya yi yana gyaran nan, ya zubar da kusan rabi, kafin mu juya shi a roneyona. Malaman lakwal suka yi ta karɓa hannu da hannu har takardun suka yi laushi.

Saboda haka duk wanda ya ce maku wata guda zai mai da ku marubuta, ya yi maku daɗin baki. Wanda kuma ya ce aikin banza ne, bai taɓa ganin mai yage takarda ba. Watan nan abu biyu yake yi. Yana ɗaure hannun da ke gogewa har mai rubutawa ya samu ya wuce gaba, kuma yana sa wani ya zauna yana jiran shafinka na gobe. Ku da ke da waya, gogewa ta yi maku sauƙi da yawa, ku nemi uwar adashe mai taurin kai. In ɗayanku ya yi shiru kwana biyu, ku bi sawu ku je har gida. Sai dai ku fara da tambayar lafiya, kada ku shiga da ƙafar da na shiga.

Na tsallake maku ranar ƙarshe. Da hantsi Mushe Habu ya zo, ranar cikon kwana ukun da aka ƙara mashi, ya miƙo shafi shida ya ce su ne na rufewa. Maimakon ya tafi rumfa wurin shayi, sai ya jawo benci ya zauna kusa da daktilo. Ban karanta ba tukuna, na sa takarda na fara bugawa, ina bin labarin layi layi, raina yana ta fatan a ji tari daga ƙasa. A cikin littafin mutanen gari ba su haƙura a kwana na uku ba. Suka sare itace suka tokare gefen ramin, suka ci gaba. Rana ta huɗu da walaha suka kai gare shi, yana tsaye yadda yake, hannu ɗaya a sama. Rai ya riga ya yi halinsa. Suka fito da shi, suka kai shi gida, aka yi mashi wanka, matarsa ta ga fuskarsa.

Nan yatsuna suka ƙi tafiya. Na juya na dube shi.

"Mushe Habu, takarda ce fa, kuma bik na hannunka. Mi zai hana ka fito da shi da rai?"

"Na gwada, Madam," in ji shi. "Shekara bakwai ina gwadawa, shi ya sa nake yagewa. Ba ya fitowa da rai." Ya dubi takardar da ke cikin daktilo. "Amma wanga karo mun same shi. Mun yi mashi sutura."

Na share idona da bakin mayafi, na gyara takardar, na buga jana'izar har ƙarshe ban yi kure ko ɗaya ba.